Kogin Yobe: Wa Aka Tambaya?

Mai karatu, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil ba na Kanawa kaɗai ba ne. Shi ne ke gangarawa Haɗeja, ya haɗu da kogin Jama'are kafin Gashuwa, daga nan a kira shi Yobe ko Komadugu. Bayan ya wuce Gaidam sai ya zama iyaka tsakanin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, har ya faɗa Tafkin Chadi a wajen Bosso.

A da, ambaliyar damina ce ke tsara rayuwar mutanen wannan kwari. In ruwa ya cika masunta su shiga, in ya janye manoma su bi danshi su yi shuka, makiyaya kuma su sauko fadama da rani. Rigima kan tashi, to amma masu sasantawa, wato sarkin ruwa da bulama da arɗo, mutanen wurin ne, kowa ya san ƙofar gidansu.

A 1964 shugabannin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Zama ne na gwamnatoci zalla. Shekara goma bayan haka, a 1974, aka kammala madatsar Tiga, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Kano ta sami ruwan sha, Kadawa ta sami noman rani, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai masu aikin ba su ɗauki masuncin Nguru ko mai noman tattasai na Diffa a matsayin wanda za a nemi shawararsa ba. Hatta yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, wadda Najeriya da Nijar suka ƙulla kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, jami'ai ne suka yi abinsu.

Abin da ya biyo baya kuwa talaka ne ya fara ganinsa. Da ambaliya ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwa ya karkata ta Marma ya riƙa cin gonaki a wajen Nguru, alhali wasu garuruwan na kukan ƙishi. Mutanen ƙauyuka suka riƙa fita gayya da adda da lauje suna yashe hanyoyin, kuma su ne suka fi injiniyoyi sanin inda toshiyar take.

Kukan mutanen Yobe da Borno na cikin abin da ya hana madatsar Kafin Zaki tabbata a kan Jama'are. A 2006 aka yi taron Damaturu, inda jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka amince da tsarin kula da kogin da kuma asusun bai ɗaya, bayan tuntuɓar manoma da masunta da makiyaya. A ganina wannan ci gaba ne na gaske, duk da ya zo a makare da shekara talatin. Amma fa dukkan jihohin shida na Najeriya ne. Manomin Diffa, wanda ruwan ke isa gonarsa a ƙarshe, ba shi da kujera a asusun.