Kiwon kaji da ƙananan dabbobi a gida lokacin bazara: Abubuwan da ya kamata a sani

Kiwon gida shi ne ajiye kaji, zabi, tantabaru, zomaye, awaki ko tumaki kaɗan a cikin gida ko bayansa, domin sha'awa da amfanin iyali. A biranen Arewa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suna yin sa, kuma akasari mata da yara ne ke ɗawainiyarsa. Sai dai wanda ya fara a bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, ya fara ne a lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Saboda haka inuwa da ruwan da gida ke da su ne ya kamata su yanke yawan abin da za a kiwata, kafin a duba kuɗin da ke aljihu.

Zaɓen iri

Kajin Hausa sun fi jure zafi da cuta, suna kwanci su ƙyanƙyashe a kwana 21, amma girmansu na da jinkiri kuma ƙwansu kaɗan ne. Kajin gidan gona masu nama kan isa yanka a mako shida zuwa takwas, sai dai su ne zafi ya fi kashewa saboda nauyin jiki. Masu ƙwai kan fara saka daga mako 18 zuwa 20. Cikinsu akwai Shika Brown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar domin yanayin ƙasar nan. Akwai kuma tsaka-tsaki irin su Noiler, masu ba da nama da ƙwai, waɗanda ke iya kalen abinci a tsakar gida.

Zabi sun fi yin ƙwai da damina, kuma ƙwan na ƙyanƙyashewa a kwana 26 zuwa 28, galibi a ƙarƙashin kaza. Zomo na haihuwa bayan kimanin kwana 31, amma ba ya son zafi ko kaɗan. A ɓangaren awaki, jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, ta yi suna wajen yawan haihuwa da ingancin fata, kuma cikinta wata biyar ne. Masu turka rago kan zaɓi Balami ko Uda ko 'Yankasa. A shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ƙarshen bazara ko farkon damina, don haka ragon layya yana cin mafi yawan kiwonsa ne a tsakiyar zafi.

Yadda zafi ke cutar da kaza

Kaza ba ta gumi, kuma zafin jikinta kimanin digiri 41 ne. Idan iska ta yi zafi sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. Daga nan ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, masu nauyi kuma su fara mutuwa, musamman tsakanin azahar da la'asar.

Maganin wannan yana cikin ginin akurki. A kafa shi a inuwa, tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, a rufe gefunansa da raga domin iska ta ratsa. Rufin kwano na tara zafi, don haka a shimfiɗa masa zana ko ciyawa. A zuba buntun shinkafa ko diddigar katako a ƙasa, a riƙa sauyawa idan ya jiƙe. A rage cunkoso: manyan kaji huɗu ko biyar sun isa a murabba'in mita ɗaya.

Ruwa da abinci

A ranar zafi kaza na iya shan ninkin ruwan da take sha da sanyi, amma tana ƙin ruwan da ya ɗumama. Ruwan randa da aka ajiye a inuwa ya fi na jarkar da rana ta doka. A sauya shi sau biyu ko uku a yini, a wanke mazubin kullum. Abinci kuwa a ba da shi da sassafe da yamma, domin narkar da shi na ƙara wa jiki zafi. Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 10 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin mako uku. Wannan lissafi ya kamata ma'aikaci ya yi kafin ya sayi 'yan tsaki.

'Yan tsaki na buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko. A bazara ana samun wannan da rana ba tare da gawayi ba, sai da daddare ake ɗan kunna wuta. Idan sun taru wuri ɗaya, sanyi suke ji. Idan sun watse suna haki, zafi ya yi yawa.

Awaki da tumaki na shiga bazara ne ciyawa ta ƙare, harawa da dusa sun yi tsada. Dabbar da aka saki cikin unguwa tana jin yunwa kan ci leda, ledar ta taru a tumbinta, ta riƙa ramewa ko da ana ba ta abinci. Turke a inuwa, harawa, dusa, ɗan gishiri ko kanwa da wadataccen ruwa sun fi sakin dabba yawo.

Rigakafi

Cutar Newcastle na iya ƙarar da kajin gida cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Haka Gumboro ke kama 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana samar da alluran waɗannan cututtuka, har da na PPR, annobar da ke kashe awaki da tumaki da zawo da majina. Zafi na lalata allura, don haka a ɗauko ta cikin ƙanƙara, a bayar da ita da sanyin safiya bisa jadawalin likitan dabbobi.

Duk sabuwar kaza ko dabbar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Idan damina ta kama, a ba awaki da tumaki maganin tsutsar ciki. Wanda ya ba kaza maganin ƙwayoyin cuta ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin cin namanta ko ƙwanta.

Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya ne a Jihar Kaduna a 2006, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji suka riƙa mutuwa farat ɗaya, kada a yanka ragowar ko a kai su kasuwa. A sanar da ofishin lafiyar dabbobi mafi kusa, a binne matattun cikin rami mai zurfi.

Haƙƙin maƙwabta

Wari da ƙudaje da ɓarnar akuya su ne kan haddasa saɓani a unguwa. A riƙa kwashe kashin dabbobi a buhu, domin taki ne da masu lambu ke nema. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa kaji. Ga mai farawa, kaji 10 zuwa 15 ko awaki biyu sun isa gwaji. Idan suka tsallake watan Afrilu lafiya, sai a ƙara da damina.