Kumburin jijiyoyin ƙafa: yadda ake yi masu fiɗa

Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau zuwa zuciya. A cikin jijiyoyin da ke mayar da shi akwai ƴan ƙofofi masu buɗewa sama kawai. Idan suka saki, jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiya ta kumbura ta murɗe a ƙarƙashin fata. Ƙafa ta yi nauyi da marece, idon sawu ya kumbura, fata ta yi duhu, wani lokaci gyambo ya ɓullo ya ƙi warkewa. Gado na kawo shi, haka ma yawan haifuwa, ƙiba da aikin tsayuwa wuni guda.

Fiɗar da aka saba yi ba ta gyara ƙofofin. Jijiyar da ta lalace ake fiddawa ko a toshe, jini ya koma bin manyan jijiyoyi na can cikin nama. Shi ya sa kafin komi likita ke duba ƙafar da na'urar eko mai nuna gudun jini. Idan na cikin sun toshe da gudan jini, ta sama ce hanyar da ta rage, cire ta kuwa ɓarna ce.

A tsohuwar hanya, ana yanka a gindin cinya, a ɗaure babbar jijiyar da ta taso daga idon sawu, a zura mata waya a zaro ta. Wani likitan Amurka, Babcock, ya fito da irin wannan waya a 1907, har yau kuma ana aiki da ita. Ƙananan rassa ana ƙwaƙulo su ta ƴan hujoji.

Daga wajen shekara ta 2000 aka fara ƙona jijiyar daga ciki da zafin leza ko na rediyo, ba tare da barci ba, mutum ya koma gida ranar. Akwai kuma allurar kumfa mai liƙe ta. Ba ko'ina ake samun kayan ba.

Bayan aiki sai safa mai matse ƙafa, da tafiya tun ranar farko ko washegari. Kumburin na iya dawowa bayan shekaru. Mai ciki dakata mata ake yi, don nata kan ragu bayan haifuwa.

Kada a kai irin wannan jijiya wurin wanzami a yi mata tsaga ko ƙaho. In ta fashe, a kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti.