Dakashi, Ruwa da Yaye: Tarihin Shayarwa a Ƙasar Gobir

Idan kika haihu yau a Sabon Birni ko Isa, shawara za ta zo miki ta hanya biyu. Ma'aikaciyar asibiti za ta ce ki sa jaririn a nono tun kafin a gama gyara ki, kuma kada ya ɗanɗana ko ɗigon ruwa sai ya cika wata shida. Inna ko uwar miji kuma za ta ce a dakata tukuna, a matse wancan na farkon a zubar, a ɗan ba yaron ruwa kar ƙishi ya wahal da shi. Dukansu son yaron suke yi. Abin da zai taimake ki shi ne sanin inda kowace shawara ta samo asali, ta haka za ki gane wadda za ki riƙe da wadda za ki ajiye. Kai ma maigida kada ka wuce, da kai ake.

Mu fara da ƙasar kanta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu. Wasu suka yi gabas suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani ɓangare ya dawo yamma ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, sai dangi ɗaya ya koma ƙasa biyu. Amma iyakar ba ta taɓa ɗakin mai jego ba. Ko ta wane ɓangare kika leƙa, tsarin ɗaya ne da na sauran ƙasar Hausa: mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a yi wankan jego kwana arba'in, a dama kunun kanwa, a dafa ƙauri, sannan a shayar da yaro har wajen shekara biyu kafin a kai shi yaye wurin kaka.

Wannan shekara biyun ita ce babbar dukiyar da kakanni suka bar miki. Addini ya ƙarfafa ta, don Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Al'ada kuma ta kewaye ta da kunya: macen da ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki tana goyo, sai ta zama abin magana a unguwa. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, wanda ya ƙunshi labarin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, an nuna yadda mai goyo ke nesanta da shimfiɗar miji har ta yaye, saboda tsoron kada nono ya ɓaci.

Kimiyya ta zo ta iske tsofaffi a kan rabin gaskiya. A 1933 wata likitar yara mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ta bayyana wata cuta mai sa yara kumburi da jajayen gashi da saɓewar fata. Bayan shekara biyu ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiran ta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya zo. Kin ga ke nan abin da kakarki ke gudu a kwanika ba tatsuniya ba ne. Inda aka yi kuskure shi ne dalilin. Ciki ba ya mayar da nono guba. Abin da ke kayar da yaron shi ne a cire shi rana ɗaya, a shafa maɗaci a kan nono, a bar shi da kunu zalla. Don haka idan ciki ya shiga kina goyo, kuma lafiyarki lau, ci gaba da shayarwa, ki ƙara cin abinci, ki janye shi a hankali. Shayarwar ma kanta tana ba da tazara: muddin yaro bai kai wata shida ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma jinin al'ada bai dawo ba, kariyar ta kai kashi 98 cikin 100. Da ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, to kariyar ta yi rauni, a nemi wata hanyar.

Wurin da al'ada ta yi mana asara shi ne kwanakin farko. Dakashi, wancan nono mai kauri mai ruwan ɗorawa, an ɗauke shi a matsayin datti da ya daɗe kwance a ƙirji. A wasu gidajen har gwaji ake yi, a tatsa a jefa tururuwa ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Ai kuwa tururuwa ko a cikin zuma ta faɗa maƙalewa za ta yi. Kafin a yarda da nonon, jariri ya kwana biyu ko uku a kan ruwan ɗumi da madarar akuya ko ta shanu. Gaskiyar ita ce dakashi cike yake da sinadaran garkuwa da ke shafe hanjin jariri kamar yaɓe, su tare ƙwayoyin cuta. Kaɗan ne, e, amma cikin jariri a ranar farko 'yan cokulan shayi kawai yake ɗauka. Kuma tsotson ne ke kiran nonon. Jinkirin da ake yi ana jira ya kawo, shi ke ƙara jinkirta shi. Wani bincike da aka yi a yankin Kintampo na Ghana a kan jarirai sama da 10,000, aka buga a 2006, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko da a ce kowa ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Tahniki da dabino kuwa shafawa ce a dasashi, ba ciyarwa ba, bai hana a miƙa wa uwa ɗanta nan take. Zuma dai a bar ta sai bayan shekara ɗaya, don takan ɗauko ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi kowace wuyar karɓuwa. Wanda ya san zafin watan Afrilu a gabashin Sakkwato zai ce hana jariri ruwa mugunta ce. To, kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma an auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a ƙasashe masu zafi irin su Indiya an ga ba su da ƙarancin ruwa. Ruwan da ake ɗura masa yana cika ɗan cikin ya rage tsotso, in kuma daga rijiya ko gulbi ya fito, ga gudawa. Ke ce za ki sha ruwan, shi kuma ki ƙara ba shi nono.

Kada ki ɗauka duk kuskuren daga gida ya fito. Bulumboti da madarar gwangwani baƙi ne, kamfanoni suka tallata su a matsayin wayewa, har a cikin asibitoci. Cicely Williams ɗin nan ta yi tir da hakan tun 1939 a Singafo. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallan madarar jarirai, Nijeriya ta yi nata dokar a 1990, shawarar wata shida cif kuma ba ta tsaya ba sai 2001. Ashe likitocin ma sun daɗe suna lalube. Har yanzu da sauran tafiya: binciken lafiya na ƙasa ya nuna jarirai 'yan ƙasa da wata shida masu shan nono zalla sun tashi daga kashi 17 cikin 100 a 2013 zuwa 29 a 2018.

Kunun kanwa fa? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka zargi gishirin kanwa da zafin wanka. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya fi karkata ga wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ma mene ne, kanwa ba ta kawo nono. A dama kunun da gero da gyaɗa, a sassauta kanwar, kuma mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti ranar.

Duk wannan ya fi nauyi a yau. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tura dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi, inda a yunwar 2005 aka yi jinyar dubban yara masu tamowa. A gudun hijira babu tsaftataccen ruwa, babu itacen tafasa bulumboti, gwangwani kuma in ya ƙare ya ƙare. Mata da yawa kan ce tsoro da yunwa sun busar musu da nono. Firgici yakan riƙe zubowarsa na ɗan lokaci, amma bai hana jiki yin sa, kuma ko uwa ta rame nononta na da amfani. Ita za a ciyar. Wadda ta daina ma tana iya dawo da shi idan yaro ya koma tsotso akai-akai, ko da zai ɗauki kwanaki ko makonni.

Ga yadda za ki gane abin na tafiya daidai. Ki manna cikinsa da naki, ki jira ya wangale baki, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa na taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. In kina jin zafi ko kan nono ya tsage, kamun ne bai yi ba; sa ɗan yatsa mai tsafta a gefen bakinsa ki cire shi ki sake. Ki ba shi duk sanda ya nema, aƙalla sau takwas a yini da dare, ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, don mai maiƙon yana zuwa ne a ƙarshe. Daga kwana na biyar, in yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a rana da fitsari mara duhu, yana samun abin da ya ishe shi. In kuwa ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko ya yi laushi ba ya motsi sosai, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi, a nufi asibiti mafi kusa ko da dare ne.