Kwanson harsashi da mulkin Nasara a ƙasar Adar

Maƙeran Adar, daga Tawa har Tabaram, sun daɗe da sanin bindiga. Suna gyara ta, kuma maharba na ɗura mata albarushi da guntayen ƙarfe ta baki. Abu guda ne ya gagari maƙera: kwanson tagulla wanda ke haɗa albarushi da dalma da maƙyasti wuri ɗaya. A kan wannan ɗan kwanso ne rinjayen Nasara ya tsaya.

Tagulla na da hali na musamman. Idan aka harba, ƙarfin wuta yakan buɗa kwanson har ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga, ya toshe hayaƙi kada ya koma fuskar maharbi, sannan ya ɗan tsuke yadda za a iya zare shi. Saboda haka kowane kwanson da aka harba yana fitowa da siffar bindigar da ta harba shi. Magyara bindiga a Amurka sun mai da wannan hali sana'a: sukan faɗaɗa mazaunin harsashi, su harba kwanson da aka saba da shi a ciki, wuta ta ba shi sabuwar siffa mai ɗaukar ƙarin albarushi. P. O. Ackley shi ne wanda ya fi suna a wannan aiki.

Faransa ma ta taɓa sauya siffar tsohon kwanso, ko da yake a masana'anta. Bindigar Gras ta 1874 mai milimita 11 ita ce ta maye gurbin Chassepot mai harsashin takarda. Bayan da Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi a 1884, sai aka matse wuyan kwanson Gras zuwa milimita 8, aka samu harsashin bindigar Lebel ta 1886. Da waɗannan bindigogi biyu Faransa ta ci ƙasashen Sahel.

Turawa sun san inda asirin yake. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani da harsasansu, ta bar musu bindigar ƙanƙara da baƙin albarushi. Da ayarin Voulet da Chanoine ya auka wa Birnin Ƙwanni a 1899, da kuma lokacin da aka karya Kel Geres a Galma a 1901, ba jaruntaka ce ta gaza ba. Kafin mai bindigar ɗuri ya sake ɗurawa sau ɗaya, sojan Nasara ya harba sau da yawa.

Tawayen Kawsan ya nuna ɗaya gefen lamarin. Da bindigogin zamani da ya samo ta hannun Sanusiyya, ya tsare barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Amma harsasansa daga Fezzan suke zuwa, ƙetaren hamada, kuma babu maƙerar Ayar ko Adar da za ta mayar da abin da aka harbe.

Shi ya sa bindigar ɗuri ta zauna a hannun maharbin karkara har bayan samun mulkin kai a 1960. Albarushinta da ƙarfenta ana samun su a gida, ba ta jiran izinin kwamanda kafin ta ci abinci.