Loda tarin bayanai a rumbun bayanai

Loda tarin bayanai hanya ce ta shigar da dubbai ko miliyoyin layukan bayanai cikin rumbun bayanai na kwamfuta a lokaci guda, maimakon shigar da su ɗaya bayan ɗaya. An fi amfani da ita a manyan rumbunan da bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati ke tara bayanansu domin nazari da haɗa rahoto. Saurin aikin yana da nasaba da tsarin farfaɗowa da aka saita wa rumbun, wato tsarin da ke fayyace iya abin da za a ceto idan na'ura ta lalace.

Asali

Tsarin babban rumbun bayanai ya shahara ne bayan littattafan Bill Inmon na shekarar 1992 da Ralph Kimball na 1996. A irin wannan rumbu ana ɗebo bayanai daga rassa, a tace su, sannan a loda su, galibi da dare. Kowace manhaja tana da kayan aikinta: SQL Server na da bcp da BULK INSERT, Oracle na da SQL*Loader, PostgreSQL na da COPY, MySQL kuma LOAD DATA.

Kundin sauye-sauye

Kafin rumbu ya rubuta wani sauyi a ainihin fayil ɗin bayanai, sai ya fara rubuta shi a kundin sauye-sauye. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da wannan kundi ne ake kammala abin da aka tabbatar, a kuma warware wanda bai kammala ba. Sai dai rubuta kowane layi a kundin yana rage sauri, yana kuma cinye faifai.

Tsarukan farfaɗowa

Tun daga SQL Server 2000, Microsoft ya raba tsarin gida uku.

Sassauƙan tsari, Simple a Turance, yana sake amfani da gurbin kundin da kansa. Ba a iya ajiye kwafin kundin, don haka duk abin da aka shigar bayan kwafin ajiya na ƙarshe zai iya salwanta.

Cikakken tsari, Full, yana rubuta komai, kuma yana ba da damar mayar da rumbu zuwa wani takamaiman lokaci. Sharaɗinsa shi ne a riƙa ajiye kwafin kundin a kai a kai.

Tsarin taƙaita rubutu, Bulk-logged, yana rubuta wuraren da aka ware wa sababbin bayanai ne kawai yayin babban lodi. Kundin ba ya kumbura sosai, amma kwafinsa na gaba yakan yi girma, domin yana kwashe duk sassan da suka sauya, kowanne mai girman kilobayit 64. Haka kuma ba a iya tsayawa a wani takamaiman lokaci cikin kwafin da ya ƙunshi irin wannan lodi.

Oracle na da makamancin haka a zaɓin NOLOGGING. PostgreSQL ya kawo tebura marasa kundi a sigar 9.1 ta shekarar 2011, waɗanda ake share abin da ke cikinsu idan na'ura ta faɗi.

Matsaloli da maganinsu

Matsalar da aka fi gani ita ce cikar kundi, wadda SQL Server ke nunawa da lambar kuskure 9002. Sanadinta sau da yawa shi ne rashin ajiye kwafin kundin, ko yin dukan lodin a dunƙule ɗaya. Rarraba shi kashi-kashi yana rage nauyin.

Wani lokaci lodi yakan yi jinkiri duk da an sauya tsari, saboda taƙaita rubutu yana da sharuɗɗa, kamar kulle teburin da TABLOCK. Tebur mai fihirisa da yawa ma yana jan lokaci.

Sauya rumbu zuwa sassauƙan tsari yana yanke jerin kwafin kundi. Bayan an dawo cikakken tsari, jerin ba ya ɗorewa sai an ɗauki sabon kwafin ajiya. Sauyawa tsakanin cikakken tsari da na taƙaita rubutu ba ya yanke shi, shi ya sa ake ajiye kwafin kundi kafin lodi da kuma bayansa.

Bayanan Hausa da na kan iyaka

Haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ sukan rikiɗe zuwa alamar tambaya idan ba a karanta fayil da tsarin UTF-8 ba, ko kuma gurbin da ke teburin bai karɓi Unicode ba. Hakan na iya ɓata sunaye kamar Ɗanladi, har a kasa daidaita bayanan mutum ɗaya. Bayanan ciniki daga garuruwan kan iyaka, kamar Illela a jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni a Nijar, suna da wata matsalar: tsarin Faransanci yana sa waƙafi inda na Ingilishi ke sa ɗigo a lissafi, ga kuma bambancin naira da sefa. Saboda haka ake fara zuba bayanai a teburin wucin gadi, a tantance su, kafin a kai su babban tebur.