Yadda Yara Suka Sami Gurbi a Sashen Gaggawa na Asibitocin Amurka

Asibitin yara ya girmi sashen gaggawa na zamani nesa ba kusa ba. Tun a 1802 aka buɗe asibitin yara zalla a birnin Faris, sannan a 1852 likita Charles West ya kafa na Great Ormond Street a Landan da gadaje goma kacal. Birnin Filadelfiya na Amurka ya bi sahu a 1855. Duk waɗannan wuraren jinya ne, inda ake kwantar da yaro a yi ta lallaɓa shi har ya warke. Amma yaron da mota ta buge da tsakar dare, ko jaririn da numfashinsa ya sarƙe, sai dai a ruga da shi asibitin da ya fi kusa, a miƙa shi ga duk likitan da aka tarar a bakin aiki.

A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da wani rahoto kan mace-macen haɗurra wanda ya tayar da ƙura, domin ya nuna yadda ake sakaci da waɗanda suka ji rauni tun daga kan titi har zuwa ƙofar asibiti. Daga nan aka fara gyara. A 1973 majalisar ƙasar ta yi dokar tsara agajin gaggawa, a 1979 kuma aka amince da aikin gaggawa a matsayin fanni mai zaman kansa a likitanci. Sai dai an gina tsarin ne da babban mutum a rai: magidancin da zuciyarsa ta buga, da direban da ya yi karo. Darussa da yawa ma daga fagen yaƙin Koriya da Biyetnam aka kwaso su, inda galibin majinyatan sojoji ne majiya ƙarfi.

Jikin yaro kuwa da nasa hali. Hanyar numfashinsa siririya ce, kumburi kaɗan ya isa ya toshe ta. Jininsa bai da yawa, don haka abin da babba zai zubar ya tashi ya kakkaɓe riga, yana iya kai ƙaramin yaro lahira. Abin da ya fi yaudarar likitan da bai saba da yara ba shi ne awon jini: yaro kan riƙe shi daidai har sai ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda. Ga shi kuma ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. Kowane magani sai an lissafa shi da nauyin jikinsa, kuma ɗigo ɗaya da ya kauce a lissafi na iya ninka allura sau goma.

Likitocin yara ne suka fara ƙorafi. A jihar Hawai, likita Calvin Sia ya dage tun cikin shekarun 1970 cewa yara na buƙatar nasu tanadin, har ya shawo kan Sanata Daniel Inouye. A Los Anjales, binciken likita James Seidel da abokan aikinsa a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa tsarin agajin da ake alfahari da shi bai biya wa yara buƙata ba. A 1984 majalisa ta amince da shirin agajin gaggawa na yara, jihohin Alabama da Kalifoniya da Niyok da Oregon suka zama na farko da suka karɓi kuɗin gwaji. Asibitin yara na Filadelfiya, ƙarƙashin likitoci irin su Stephen Ludwig da Gary Fleisher, yana cikin waɗanda suka fara horar da ƙwararru a wannan fanni, kuma a 1992 aka zauna jarrabawar farko ta ba su shaidar ƙwarewa.

Wata dabara mai sauƙi ta fito ne daga ƙaramin asibiti a jihar Karolaina ta Arewa. James Broselow, likitan gaggawa ne da ya san fargabar da ke kama ma'aikata idan aka shigo da yaro a sume, babu lokacin ɗora shi a sikeli, uwa kuma ba ta cikin hayyacinta balle a tambaye ta nauyinsa. A tsakiyar shekarun 1980 ya ƙirƙiro wani tef na awo, kamar na tela, daga baya suka inganta shi tare da likita Robert Luten. Ana kwantar da yaron, a sa jan bakin tef ɗin daidai da kansa, a ja shi zuwa diddige. Launin da diddigen ya faɗa a kai shi ke nuna kimanin nauyin yaron, da yawan maganin da za a ba shi, da girman bututun da zai shiga maƙogwaronsa. Asibitoci da dama sun shirya aljihunan keken kayan aikinsu bisa waɗannan launuka, ta yadda nas za ta janyo aljihu mai launin da ya dace kawai, ta tarar da komai daidai da jikin yaron.

Duk da haka, gyaran ya fi tsayawa a manyan asibitocin yara na birane. A 2006 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta bayyana cewa kashi 6 cikin ɗari ne kawai na sassan gaggawa ke da cikakkun kayan kula da yara. Wannan adadi ya yi nauyi, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da ake kaiwa gaggawa a ƙasar, asibitin gama-gari ake kai su. Uban da ɗansa ke shure-shure ba zai wuce asibitin unguwa ya kama hanyar awa biyu don neman na yara ba. Yawancin waɗannan asibitoci kuma ba sa ganin yara goma sha biyar a rana, shi ya sa hannun ma'aikatansu ke yin sanyi da aikin.

A nan ne tunanin masana ya juya, kuma juyin ya yi daidai. Maimakon jiran a gina asibitin yara a kowane gari, sai aka koma auna shirin kowane sashen gaggawa: yana da likita da nas da aka ɗora wa alhakin lamuran yara? Yana auna su da kilo, ba da ma'aunin fam da Amurkawa suka saba da shi ba? Yana da yarjejeniyar tura yaro babban asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa? A 2013 sassa fiye da 4,000 suka amsa waɗannan tambayoyi, matsakaicin makinsu ya tsaya a 69 cikin 100.

An ga irin wannan darasi a Afirka ma. A asibitin Sarauniya Elizabet da ke Blantyre a Malawi, likita Elizabeth Molyneux da tawagarta sun sake tsarin karɓar yara, aka daina bin layi bisa wanda ya riga zuwa, aka koma tantance wanda ya fi galabaita tun daga bakin ƙofa. Mace-macen yaran da aka kwantar ya sauka daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya koma kashi 6 zuwa 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan tsari a matsayin kwas na horarwa a 2005.

A Amurka kuwa, wani babban bincike da Craig Newgard ya jagoranta, wanda aka buga a 2023, ya gano cewa haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 76 cikin ɗari ga yara marasa lafiya, da kashi 60 ga waɗanda suka ji rauni, idan sashen da aka kai su yana cikin mafiya shiri. Amma da aka sake auna sassan ƙasar a 2021, matsakaicin makin bai kai 70 ba.