Honeycrisp: Tuffar da ta kusa ƙarewa a juji

A manyan kantunan Amurka, tuffa samfurin Honeycrisp na daga cikin waɗanda suka fi tsada. Masu saye na son ta ne saboda zaƙinta mai ɗan ratsin tsami, da yawan ruwanta, da kuma yadda take garas-garas a baki.

Sai dai manoma na kallon ta a matsayin ɗaya daga cikin nau'o'in tuffa mafiya wuyar sha'ani.

Asalinta

An samo wannan iri ne a Jami'ar Minnesota da ke arewacin Amurka, inda masana suka daɗe suna neman tuffar da za ta jure wa matsanancin sanyin yankin.

An haɗa irin a shekarar 1960, amma daga baya sanyi ya yi wa itaciyar farko lahani, har aka sanya ta cikin waɗanda za a yi watsi da su. Wani mai bincike, David Bedford, shi ne ya ƙara wa sauran 'yan itatuwan da aka samu daga jikinta wa'adi.

Jami'ar ta fitar da irin ga manoma a 1991, kuma a 2006 jihar Minnesota ta ayyana ta a matsayin ɗan itacen da ke wakiltar jihar.

Sirrin garɗinta yana cikin ƙwayoyin halittar tsokarta, waɗanda suka fi na akasarin tuffa girma. Idan aka gatsa, sai su fashe su saki ruwa.

Yadda ake noma ta

Ba a shuka ƙwallon Honeycrisp, domin itaciyar da za ta fito ba za ta yi 'ya'ya irin na uwar ba. Aure ake yi mata, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

Tana bukatar rana sosai, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, da kuma wani nau'in tuffa a kusa, domin ƙudan zuma su yi barbarar furanni.

Haka nan sai ta samu ɗaruruwan sa'o'i na sanyin hunturu kafin ta yi fure yadda ya kamata, abin da ya sa ba ta dace da ƙasashe masu zafi ba.

Dalilin tsadarta

Itaciyar kan cika 'ya'ya a shekara guda, ta yi rowa a mai zuwa, sai fa idan manomi ya rage su tun suna ƙanana.

Ƙarancin sinadarin kalsiyam kan sa 'ya'yan su yi baƙin tabo mai ɗaci, don haka akan yi musu feshinsa sau da dama.

Fatarta kuma ba ta da kauri, shi ya sa masu tsinka kan datse tsinken kowace ɗaya da almakashi, don kada ta huda 'yar uwarta a cikin kwando.

A Minnesota tana nuna ne a watan Satumba. An fi jin daɗinta ɗanya, musamman idan ta ɗan yi sanyi, kuma takan yi watanni a ɗakin sanyi ba tare da ta yi laushi ba.

Daga jikinta ne aka samo wasu sababbin nau'o'i, ciki har da Cosmic Crisp, wadda Jami'ar Jihar Washington ta samar, ta kuma shiga kasuwa a 2019.